Verna Mai Tambaya Ɗaya

Shekara goma sha tara na yi ƙeyata na kallon ƙeyar Verna Kuusisto, a hawa na biyu na wani tsohon sito da ke fuskantar tafki a garin Duluth na Amurka. A duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak ta taɓa kirana a waya ran Lahadi. Labarin kiran nan zan ba ku, amma sai kun san matar tukuna.

Verna a gaban rediyo ta fara sana'a. Ubanta lebura ne a tashar da ake loda wa jiragen ruwa tama, ita kuma tana gama sakandare ta samu aiki a garejin gunduma, ta zama mai magana da direbobin motocin share ƙanƙara. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da makirufo, wane bi nan, wane koma can. A nan ta ɗauko halin da ya bi ta har furfura. Cewa take direban da iska ke neman jefa shi rami, dusar ƙanƙara ta rufe masa gilashi, in ka jera masa tambaya biyu ka yi asarar duka biyun. Yi masa ɗaya, ka jira amsa. Haka take da direbobi, haka take da mijinta Arvid, haka kuma ta zama da kwamfuta bayan ta yi karatun yamma ta koyi rubuta manhaja.

Kamfaninmu ƙarami ne, mu goma sha huɗu har da mai shi, Orrin Sather. Abu ɗaya muke sayarwa: manhajar da ke faɗa wa gunduma hanyar da za a fara sharewa in ƙanƙara ta zuba, da wadda za ta jira. Zuciyar manhajar, wadda muke ce wa injin, Verna ce ta rubuta ta da harshen kwamfuta na Java tun harshen yana jariri. A tsakiyar injin ta ajiye abin da muke kira intafes, wato jerin tambayoyin da duk dokar da ke son shiga aiki sai ta yi alkawarin amsawa. Jerin wasu mutane yakan kai tambaya goma, har ashirin. Na Verna guda ɗaya ce: ga hanya, maki nawa ka ba ta? Dokar asibiti ta ce ɗari. Dokar makaranta ta ce saba'in. Injin ya tara makin, ya jera hanyoyi, motoci su fita.

To, matsalar Java ta wancan zamani, ba ta yarda ka miƙa aiki tsirara ba. Komai ƙanƙantar doka sai ka gina mata gida, ka raɗa wa gidan suna, ka yi masa ƙofa da zaure, sannan a can ƙuryar ɗaki ka ajiye layi ɗaya da ke yin aikin. Kowace gunduma da nata dokoki, kowace doka da gidanta. Ran da na ƙirga, gida ɗari uku da goma sha biyu ne. Ni na sa musu suna Unguwar Verna, sunan kuma ya bi su.

"Hajiyar filaye," nakan ce mata, "yau ma an yanka sabon fuloti?"

"Russ, bakinka zai riga ka shiga kabari," takan ce, ba ta ko waiwayowa. "Ɗauki burodi ka yi shiru."

Kullum Litinin da burodi mai zaƙi irin na kakarta take zuwa, a naɗe cikin tawul, don haka ba a cin nasarar faɗa da ita. Ba ka gardama da baki cike.

A kakar 2014 Orrin ya ɗauko Trevor Lindqvist ya ba shi shugabancin tsara manhaja. Ɗan garinmu ne, amma ya yi shekara goma a Seattle, ya dawo da gemu da keke mai tsada da saurin magana. Kada ku ɗauka mugu ne. Ya san aiki ƙwarai, kuma yana da wata cuta irin tamu: ba ya iya ganin kuskure a allo ya kama bakinsa, ko da allon baƙo ne a cikin jirgi. Wata uku ya yi yana zagaya Unguwar Verna, sannan a taron farkon Fabrairu ya miƙe.

"Ina girmama aikin nan," ya ce. A garinmu in an fara da haka, tattara kayanka. "Amma don a ƙara doka ɗaya sai an buɗe sabon fayil, a rubuta layi talatin, ashirin da tara a ciki ado ne. Mun kira mutum biyu aiki, suka leƙa ciki suka gudu. A rushe injin, a sake sabo da wani harshe. Shekara ɗaya da rabi ya ishe ni."

"Verna fa?" na ce.

Orrin ya kalli kofinsa. Ya ce teburin amsa kiran gundumomi na neman mai gogewa, kuma wa ya kai ta sanin direbobi? Kowa a ɗakin ya gane. Mace mai shekara sittin da ɗaya, a raba ta da injin da ta haifa, a mayar da ita bakin waya inda ta fito, ta zauna tana ba mutane haƙuri har ta gaji ta tafi da kanta. Verna ta naɗe tawul ɗinta a hankali.

"To," ta ce, "wannan dai daban ne."

Mu da muka san ta muka sunkuyar da kai, don a bakin mutumin Duluth wannan ashar ce. Orrin kansa ya ji nauyi. Ya ce ran Juma'a ta sama da ƙarfe biyu kowa ya nuna nasa, shi zai kawo sabuwar doka a aljihu, ya ga yadda kowace hanya za ta ɗauke ta, sannan ya yanke.

Sabon bugun Java ya fito kusan shekara guda kafin nan, amma mu muna kan tsohon, don Verna ta ce ba ta sayen takalmi sai ta ga wani ya yi hunturu da shi. Ran Juma'a, saura mako guda a yi gwajin, na gan ta tana buga takardun bayanin sabon bugun, tuli guda, ta cusa a jaka. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

Ran Lahadi da hantsi ina share ƙofar gareji wayata ta yi ƙara.

"Russ! Kana zaune?"

"Ina tsaye da shebur. Arvid ne? Me ya same shi?"

"Arvid na nan yana wa kifi wa'azi. Saurara! Sun ce in tambayar ɗaya ce, ba sai an gina gida ba!"

Suna can kan tafkin da ya daskare, cikin bukkar kamun kifinsu, ta shimfiɗa takardu a kan bokiti. Ina jin iska, ina jin Arvid na cewa ta rage murya tana korar masa abinci. Shekara goma sha tara ban taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ba, ran nan sai da na janye wayar daga kunne.

Abin da ta gano shi ne lamda. Sabon bugun ya yarda ka miƙa aiki tsirara: ka rubuta abin da aka ba ka, ka ja 'yar kibiya, ka rubuta abin da za ka yi da shi, shi ke nan. Sharaɗi guda ne. Dole intafes ɗin da kake amsawa ya zama mai tambaya ɗaya, don ta haka ne kwamfuta za ta san wacce kake amsawa ba tare da ka faɗa ba. Kuma ba ruwansu da tsufansa. Ko tun zamanin kakanni aka rubuta shi, in dai tambayar ɗaya ce, ƙofa a buɗe take.

"Ka gane kuwa?" ta ce. "Ba zan taɓa ko wasali ɗaya a injin ba! Shekara goma sha bakwai yana zaune yana jiran abin nan, ni ban sani ba, su ma ba su sani ba!"

"Unguwar fa?"

"A rushe ta! Ni zan tuƙa motar rusau ɗin!"

Na jefar da shebur na yi rawa a kan ƙanƙara, maƙwabcina na kallo ta taga, har na zame na zauna a kan ɗuwawuna. Abin nema ya samu.

Makon nan Verna ta kwafi manhajar a kwamfutarta ran Litinin, ta shige ƙaramin ɗakin taro ta rufe ƙofa. Ni kaɗai take bari in shiga, shi ma don in kawo kofi. Duk shigar da zan yi sai na tarar ta rushe wasu gidajen. Dokar asibiti da ke cin layi talatin ta koma haka: hanya, kibiya, in akwai asibiti ɗari, in babu sifili. Layi ɗaya! Kana karantawa kamar kana jin ta a rediyo. Takan danna a gwada, komai ya fito kore, ta daki tebur ta ce, "Na gaba!" Ran Laraba na same ta tana waƙa. Muryar ba ta da daɗi ko kaɗan, amma na tsaya na saurara har ƙarshe.

Juma'a ta zo. Duka mu goma sha huɗu muka cika babban ɗaki, wasu a tsaye. Trevor ya fara, kuma gaskiya ya yi kyau: zane-zane, kibiyoyi masu launi, jadawalin wata goma sha takwas. Orrin ya zaro takarda daga aljihu. Wata gunduma mai gonakin shanu na son duk hanyar da tankar madara ke bi ta samu maki arba'in. Trevor ya nuna yadda dokar za ta kasance a sabon tsarinsa, layi uku, in an gina tsarin.

Verna ta haɗa kwamfutarta da majigi.

"Tsaya," in ji Trevor. "Wannan kwafin yaushe ne?"

"Na Litinin."

"A ɗauko na yau daga rumbu. Kowa gwani ne a kan kwafinsa."

Gaskiyarsa ce, ka'idarmu ce. Rumbu shi ne inda aikin kowa ke haɗuwa, kuma abin da bai yi aiki a can ba bai yi aiki ba. Verna ta ɗaga kafaɗa ta jawo na yau. Ta rubuta: hanya, kibiya, in tankar madara na bi arba'in, in ba ta bi sifili. Ta jingina da kujera.

Jan layi, alamar kuskure, ya fito a ƙarƙashinsa.

Ta matso da tabarau. Ta goge, ta sake rubutawa. Ja. Ta buɗe shafin da ta tara dokokin da ta yi wa gyara duk mako, sittin da wani abu. Ja daga sama har ƙasa, kamar an yanka rago a kan allon. Bututun ɗumama ɗaki na ta ƙara. Na ga wuyanta ya yi ja shi ma. Orrin ya fara ninke takardarsa, kuma duk wanda ya san Orrin ya san in ya ninke takarda sau uku magana ta ƙare.

Verna ta buɗe intafes ɗinta, wanda rabonta da buɗe shi an yi shekaru. Tambaya biyu ne a ciki. Ƙarƙashin tata, wani ya ƙara: mene ne sunanka?

"Wane ne," ta ce a hankali, "ya shiga ɗakina?"

Ba sai an yi bincike ba, rumbu na rubuta sunan duk wanda ya taɓa layi. Ta danna. Sunan ya fito a bango, harafi kowanne ya kai tafin hannu: Russ Pawlak.

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige har da takalmi. Mako uku kafin nan wani jami'in gunduma ya dame ni yana son rahoto ya riƙa nuna sunan dokar da ta sa hanya a gaba. Na ƙara tambayar, na sa kwamfuta ta cike amsa a gidaje ɗari uku da goma sha biyu, na tura layin jiran amincewa, na manta da ita kamar bashin maƙiyi. A wurinmu gyara ba ya shiga rumbu sai wani ya duba ya sa hannu. Ashe ran Alhamis Trevor na share tarin da ke jiransa, ya ga nawa, ya ga ba laifi, ya sa hannu. Shi bai san shirin Verna ba. Ni da na sani, ina can ina kai kofi.

"Verna," na ce, "kafin ki kashe ni, ki tuna ina da 'ya'ya."

"Sun girma."

"A cire ta mana," wani ya ce daga baya.

"Ba ta ciruwa," na ce, murya kamar ta ɗan akuya. "Rahoton ya tafi gunduma tun jiya. In aka cire, nasu ya lalace."

Orrin ya ninke takarda karo na biyu. Verna ta zuba wa allon ido, hannayenta a kan cinya. Ta karanta sharaɗin tambaya ɗaya har ta haddace, amma takardun da ta buga ba ta kai ƙarshensu ba, kifi ya katse ta.

Sai na lura da Trevor. Yana zaune a gaba, ƙafarsa na rawa, ya cije leɓe, yana kallon silin, yana kallon taga, yana kallon ko'ina ban da allon. Shiru kawai zai yi na minti ɗaya ya ci. Minti ɗaya! Ya murɗa gemu. Ya sha ruwa. Ya kalli jan layin nan ta wutsiyar ido kamar mai azumi da ƙamshin suya.

"Wayyo Allah, ki ba ta amsar gida mana!" ya fashe.

Kowa ya juyo.

"Ta biyun! Sabon bugun ya yarda ki rubuta mata amsa a cikin intafes ɗin kansa, wadda za a ɗauka in doka ba ta kawo tata ba. Tambayar da ke da amsa ba a ƙirga ta. Saura ɗaya! Kalma ɗaya ce a gaba, sai layi ɗaya a ƙasa. Haba, matsa in nuna miki!"

Bai jira ta matsa ba. Ya duƙa ta kan kafaɗarta ya buga kalmar, ita kuma ta ture hannunsa ta rubuta amsar da kanta: in doka ba ta faɗi sunanta ba, a ce da ita "ba suna". Ta danna.

Jan ya ɗauke. Ba a hankali ba, gaba ɗaya, sittin da wani abu, kamar an ɗaga labule. Ta sa a gwada injin da guguwar bara. Kore, kore, kore, har ƙasa. Ta sa dokar madara, taswira ta fito a bango, hanyoyin gonaki bakwai suka yi tsalle suka hau sama.

Ɗakin ya ɗauki ihu. Mutanen da ko a ɗaurin aure ba sa tafi da ƙarfi suna dukan tebur. Ni na rungume wanda ke kusa da ni, ashe mai gyaran bututu ne da ya shigo duba ɗumi, shi ma ya rungume ni. Trevor na tsaye yana murmushi har kunne, hannu a ƙugu, sai a hankali murmushin ya fara sauka, ya tuna a wane ɓangare yake.

"Kai," ya ce. "Me na yi?"

"Ka gyara, ɗana," in ji Verna. "Ba ka iya bari ba. Ni ma da ban iya ba."

Orrin ya warware takardarsa ya shimfiɗa a tebur. Ya tambayi Trevor tsakani da Allah ko har yanzu yana son wata goma sha takwas ɗinsa. Trevor ya kalli layin nan guda na tankar madara.

"Nawa layi uku ne," ya ce. "Kuma babu shi tukuna."

"To injin na nan," in ji Orrin, "mai shi ma na nan. Ku biyu ku rushe unguwar kafin ƙanƙara ta narke. A nemo wani ya zauna bakin waya." Ya waiwayo ya dube ni. "Akwai mai bakin da ya dace."

Da kyar na tsira, da alkawarin kawo wa kowa soyayyen fanke mai sukari kullum safe har wata guda, wanda dama shi ne hukuncin duk wanda ya ɓata rumbu. Amma Verna ba ta gama da ni ba. Trevor ya gaya mata akwai wata alama da ake sawa a saman intafes, wadda ke sa kwamfuta ta ƙi duk wanda ya zo ƙara tambayar da ba ta da amsa. Ta tura mini kwamfutar.

"Kai za ka rubuta, Russ. Da hannunka, a gaban jama'a. In an duba rumbu a ga sunanka a kan makullin."

Na rubuta. Ta sa ni na gwada ƙara wata tambayar don a gani, kwamfuta ta watsa mini ja a fuska, aka sake tafi.

Mutane suka watse, ita ba ta tashi ba. Ta jawo kujerar da ke gefenta da ƙafa, ta buɗe jerin gidajen da suka rage, ɗari biyu da arba'in da wani abu.

"Zauna, Trevor. Kai ka karanto, ni in rushe. Kuma in ka ga kuskure ka faɗa."

"Akwai ɗaya a layi na tara," ya ce, tun bai gama zama ba.